Uwata, Ki Kula da Lissafin Bature

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Ƙafar Innarki ta yi sauƙi, har ta fara fita unguwa.

Tambayar da kika yi mini ran nan ba ta amsuwa a waya, shi ya sa na ce ki bari in rubuto. Kin ce rahoto ya zo muku da "dozens of people", ke kin rubuta "mutane da dama", editanku ya goge ya sa "gomman mutane", mai karanta labarai kuma da ya shiga sai ya ce "ɗimbin mutane". Kina so ki san wa ya yi daidai. Editanku ya fi ku kusa da gaskiya. Amma dalilin da ya sa ya fi ku kusa shi nake so ki riƙe, don gobe ba wannan kalmar ce za ta zo ba, wata 'yar'uwarta ce, kuma 'yan'uwan nata suna da yawa.

Manomin da ke sauraronki a gona da mai shayin da ya rataye rediyo a jikin tebur ba su ga takardar Turancin ba, ba kuwa za su taɓa ganinta ba. Abin da ya fito daga bakin gidan rediyonku shi ne adadin. Idan kwalekwale ya kife da mutum arba'in kuka ce ɗaruruwa, duk wanda ɗan'uwansa ya tafi cin kasuwa ta wannan kogin ba zai runtsa ba a daren. Idan kuma mutum ɗari uku ne kuka ce "wasu mutane", kun yi wa mamatan rowar hakkinsu, kun kuma sauƙaƙa wa wanda ya kamata a tuhuma. Saboda haka duk kalmar yawa da kika ci karo da ita, kafin ki nemi Hausarta ki fara tambayar kanki: ƙirga take yi ko kintace? In ƙirga ce, nawa? In kintace ne, daga ina ya fara, a ina ya tsaya? Sai kin amsa wannan sannan ki taɓa alƙalami.

Mu fara da wadda kika tambaya. "Dozen" ita ce dozin ɗinmu ta kasuwa, goma sha biyu cif. Idan aka ce "two dozen", ashirin da huɗu ne, ba ragi ba ƙari. Dozin goma sha biyu kuma, wato 144, su ne "gross" a bakin 'yan kasuwarsu. Amma da zarar aka ce "dozens" babu lamba a gabanta, ta bar ƙirga ta koma kintace. Ƙasanta ashirin da huɗu, tunda dole dozin ta kai biyu kafin a yi mata jam'i. Samanta kuwa bai cika kaiwa ɗari ba, domin da ya kai, ɗan jaridan da ya rubuta zai ce fiye da ɗari, ba ya barin babbar lamba ta kuɓuce masa. Ka ga "gomman mutane" ta zauna a wannan gurbin daidai. A zamaninmu kunne bai saba da ita ba, har akwai dattawan ɗakin labarai da ke ƙyamarta suna cewa ba Hausa ba ce. Yanzu ta zauna, kuma ni ina ganin ta yi amfani. "Da dama" ɗinki ta yi ƙasa, "ɗimbin" ɗin mai karatu ta yi sama.

"Scores" ma haka take. "Score" ashirin ce, asalinta daga tsagar da makiyayi ke yi a jikin sanda in ya ƙirga ashirin. Mu ma muna da tamu, hauya, sai dai yaran yanzu in ka ce hauya fartanya suke ji. To "scores killed" na nufin aƙalla arba'in. Na taɓa jin wani gidan rediyo ya mai da ita maganar sakamakon wasa, Allah Ya kyauta. "Hundreds" sai an kai ɗari biyu, "thousands" sai an kai dubu biyu, "tens of thousands" daga dubu ashirin zuwa ƙasa da dubu ɗari. Matsalarmu a nan ita ce "dubun-dubata" da muke jefawa ko'ina, daga taron mutum dubu uku har zuwa na dubu ɗari biyar. Ki ajiye ta sai an wuce dubu goma da nisa, ki bar wa "dubbai" abin da bai kai nan ba.

Wata dabara da za ta raba ki da rabin wannan wahalar: kada ki fassara kanun labari kafin ki karanta rahoton har ƙarshe. Sau da yawa "dozens" tana sama, amma can a sakin layi na huɗu ko na biyar kakakin 'yan sanda ko jami'in hukumar agaji ya faɗi lambar, talatin da bakwai ko hamsin da biyu. Ki ɗauki lambar ki faɗi wanda ya ba da ita, ki bar kintacen.

Ƙananan kalmomin sun fi manyan wayo. "A couple" biyu ne, ko da yake a hira sukan sake ta ta kai uku. "A few" 'yan kaɗan. Cire wannan ƙaramin "a" ɗin kawai ki ga yadda magana ta juya: "a few people came" cewa ake an samu waɗanda suka zo, ba laifi, "few people came" kuka ake, ba a zo ba sai ɗaiɗaiku. Sannan "quite a few", wadda mai koyo zai rantse "kaɗan ƙwarai" take nufi, ita kuwa "da dama" ce, har da ɗan mamakin yawansu. Turawa ba su da hujjar wannan, haka suka gada.

"Several" ita ce wadda na fi so ki yi hattara da ita, don ita aka fi kumburawa. Ta wuce biyu, amma ba ta kai "da yawa" ba. Ki tuna "bid'a sinina" a Suratu Yusuf, shekarun da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ƙara a kurkuku. Malamai suka ce bid'i daga uku ne zuwa tara. To kusan nan "several" take zaune, ko da yake Bature bai yanka mata iyaka kamar yadda Larabawa suka yi ba. "Wasu", "'yan", ko "da dama" in an matsa, sun ishe ta. Asalin kalmar ma ba yawa ba ne, rarrabewa ne, kowane da kansa. Shi ya sa a takardar yarjejeniya idan lauya ya rubuta "jointly and severally", nufinsa bashin yana kan su duka a haɗe, yana kuma kan kowane ɗayansu shi kaɗai. Amma ɗan Najeriya idan ya rubuta "I warned him severally", "sau da dama" yake nufi, ma'anar da Baturen Ingila bai sani ba. Ka ga ashe ba kalmar kaɗai za ki duba ba, har da wanda ya rubuta ta. Sanarwar da ta fito daga ofishin kwamishina da rahoton da ya fito daga Landan ba Turanci ɗaya suke yi ba.

"Multiple" ma ana yi mata kallon babba saboda ƙararta. Ba ta ce komai ba illa fiye da ɗaya. 'Yan sandan Amurka na son ta a sa'o'in farko bayan harbi, lokacin da ba su gama tantancewa ba, kuma sau da yawa in ƙura ta lafa sai ki ji mutum uku ne ko huɗu. "A number of" ma wurin fakewa ce ga wanda bai ƙirga ba ko ba ya son ya faɗa. Kada ki ƙirga masa. Dangin "multi" da "poly" kuwa ba sa ba da wahala, na farko daga Latin na biyu daga Girkanci, duka yawa suke nufi: "multinational" kamfanin da ke aiki a ƙasashe da dama, "polygamy" auren fiye da ɗaya, har da foliteknik ɗin da yayanki ya yi, makarantar sana'o'i iri-iri.

Akwai kuma kalmomin gangami, waɗanda 'yan siyasa da masu sharhi ke ado da su. "Myriad" a Girkanci dubu goma ce cif, amma yau ba mai nufin haka da ita. "Legion" rundunar sojan Rum ce mai mutum wajen dubu biyar. "Plethora" daga likitanci ta fito, jini ya yi wa jiki yawa, don haka har yau tana ɗauke da ƙamshin yawan da ya wuce kima. "Countless", "multitude", "a host of" duk haka. "Umpteen" da "zillion" kuwa ba lambobi ba ne sam, zolaya ce, kada ki je neman sifilinsu. A nan Hausa ba ta da talauci ko kaɗan: tuli, tari, barjat, birjik, jingim, rututu, tinjim, bila adadin, ba masaka tsinke. Amma ki lura, waɗannan kalmomin ra'ayi ne ba rahoto ba. Idan ɗan takara ya ce magoya bayansa sun cika gari maƙil, ki ce shi ya ce. Kada gidan rediyonku ya ara masa baki.

"Decimate" ta cancanci layi biyu. Horo ne da sojan Rum ke yi wa rundunar da ta gudu daga fagen fama, a kashe ɗaya daga cikin kowane goma. Yau idan aka ce cuta ta yi wa garke haka, nufinsu ta yi masa mummunar ɓarna. Ba kashi goma cikin ɗari ba ne kamar da, ba kuma ƙarewa kakaf ba ne kamar yadda wasu ke fassarawa.

Yanzu ga inda na fi son ki zauna ki natsu, maganar ninki. A nan laifin ba na Turanci kaɗai ba ne, Hausarmu ma tana da nata santsin. Ɗauki zanenki ki ninka shi sau ɗaya, ya zama riɓi biyu. Ki sake ninkawa, sau biyu ke nan, amma riɓi huɗu ne a hannunki. Sau uku, riɓi takwas. To idan kika ce a rediyo "farashi ya ninka sau biyu", me mai sauraro ya ji? Yawancin mutane za su ji ya zama biyun na da. Mai lissafi zai ji huɗu. Don haka "doubled" ki ce "ya ninka" ki tsaya nan, ko "ya zama ninki biyu na yadda yake a da". "Tripled" ninki uku, "quadrupled" ninki huɗu. Abin da ya fi duka, ki kawo lambobin biyu, ta da da ta yanzu, ki bar mai sauraro ya yi lissafinsa. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cikin kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a Arewa. Kamfanonin dillancin labarai suka rubuta "nearly tripled". Wanda ya ce "ya kusa ninki uku" ya yi daidai. Wanda ya faɗi farashin biyu ya fi shi, don direban a-daidaita-sahu ba ya sayen ninki, lita yake saye.

Turancin ma a nan yana tuntuɓe da kansa. "Three times as much" ninki uku ne, ba gardama. "Three times more" kuwa su kansu Turawa suna jayayya a kai, wasu su ce uku, wasu su ce na da ɗin da ƙarin uku, wato huɗu. "A threefold increase" ma haka. Idan kin ga ɗayansu, nemi lambobin asali ki raba da kanki, wayarki tana da kalkuleta. "Three times less" kuwa maganar banza ce a lissafi, amma ana rubuta ta, kuma kashi ɗaya cikin uku suke nufi.

Sai ƙananan kalmomi biyu da suka fi kowace kalma a wasiƙar nan haɗari, "by" da "to". A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira dubu 30 zuwa dubu 70. "Raised to seventy thousand" ya koma dubu saba'in. Da "raised by seventy thousand" aka rubuta, da ƙarin dubu saba'in ne a kan talatin ɗin, ya zama dubu ɗari. Ƙarin da aka yi na gaskiya dubu arba'in ne. Ki yi tunanin masinja ko mai shara a sakatariya ya ji daga bakinki cewa an ƙara masa dubu saba'in, ya je ya ci bashin buhun masara a kan wannan lissafin. Magana zarar bunu ce, gyaran da za ku yi a labaran dare ba lalle ya riske shi ba.

Kashi cikin ɗari shi ne inda na ga manyan ma'aikata suna zamewa. Ƙarin kashi 100 cikin ɗari shi ne ninki biyu. Ƙarin kashi 200 ninki uku ne, ba biyu ba, domin na asalin yana nan ana ɗora masa. Ki rubuta wannan a bangon littafinki. Kuma hawa da sauka ba ma'auni ɗaya suke ba. Tsakanin tsakiyar 2023 da farkon 2024 dala ta tashi daga wajen naira 750 zuwa wajen 1,500. Dala ta ƙaru da kashi 100, gaskiya ne. Amma naira ba ta faɗi da kashi 100 ba, rabin darajarta ta rasa, kashi 50. Abin da ya faɗi da kashi 100 ya ƙare ke nan, ba sauran komai. Na ji masu sharhi da digiri a jere suna cewa naira ta faɗi da kashi ɗari biyu, ban san ko bashi ake bin ta ba.

Ki kuma bambanta "per cent", kashi cikin ɗari, da "percentage point", wato maki. A watan Fabrairun 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5. Gwamnati za ta so a ce ƙarin biyu da rabi ne kacal, kuma gaskiya ne in maki ake ƙirgawa. Ɗan kasuwa zai ce an ƙara masa rabin abin da yake biya, kashi 50 cikin ɗari, shi ma gaskiya ne. Duk wanda ya aiko muku da sanarwa ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi. Ke ki ce daga biyar zuwa bakwai da rabi, kin huta. Babban Banki kuma yana da nasa yaren, "basis points", kowane ɗari daga cikinsu maki ɗaya ne. A Fabrairun 2024 da suka ce sun ɗaga kuɗin ruwa da guda 400, daga 18.75 ne zuwa 22.75. Maki huɗu, ba kashi ɗari huɗu ba.

"Exponential" ita ce ninkin zanen nan da na faɗa miki, kowane zagaye yana ninka abin da ya tarar, ba abin da aka fara da shi ba. Biyu, huɗu, takwas, sha shida. Zagaye goma ya kai 1,024. Lokacin korona a 2020 likitoci da wannan ma'anar suke faɗinta, shi ya sa suka firgita tun masu cutar ba su da yawa. Ɗan siyasa kuwa in ya ce jiharsa ta samu "exponential growth", "sosai" kawai yake nufi. Hausar da ta fi dacewa da ta likitocin ita ce ninkin-ba-ninkin, wadda malamanmu ke fassara "ad'afan muda'afatan" da ita a ayar riba ta Ali Imrana. Ita ce kuma za ki ba "manifold" in ta zo da ma'anar ninki, ko da yake sau da yawa "iri-iri" take nufi.

"Bi" ɗin da ke gaban kalmomin lokaci, wannan kam Turawa sun yi abin kunya. "Biweekly" tana iya zama sau biyu a mako, tana iya zama sau ɗaya a mako biyu, ƙamus ɗinsu ma duka biyun ya ba da. "Bimonthly" haka. "Biannual" sau biyu a shekara, "biennial" sau ɗaya a shekara biyu, bambancinsu harufa biyu. Idan sanarwar rigakafi ce ko ta biyan kuɗi, ki ɗaga waya ki tambayi wanda ya aiko. Matambayi ba ya ɓata. "Fortnight" ita ce mai gaskiya a cikinsu, kwana goma sha huɗu.

Manyan lambobi kuma, miliyan da biliyan da tiriliyan, sun yi kama a kunne har mutane na jin kamar maƙwabta ne. Ba maƙwabta ba ne. Biliyan miliyan dubu ce, tiriliyan biliyan dubu. Wanda ke kashe naira miliyan ɗaya kullum, biliyan ɗaya za ta kai shi kwana dubu, shekara biyu da wata tara. Tiriliyan ɗaya kuwa sai ya shekara fiye da 2,700 bai gama ba. Kasafin kuɗin tarayya na 2024 ya haura tiriliyan 28. In harshe ya zame aka ce biliyan, an mai da kasafin ƙasa bai kai na ƙaramar jiha ba.

Tunda tasharku ana kama ta a ƙetaren iyaka, kuna kuma karɓar rahotannin Nijar, ki san wannan. A da a Ingila "billion" miliyan miliyan ce, sai a 1974 gwamnatin Harold Wilson ta koma lissafin Amurka na miliyan dubu. Faransanci bai koma ba. Abin da muke kira biliyan su "milliard" suke ce masa, shi ya sa za ki ji mutanen Maraɗi da Damagaram suna cewa miliyar. "Billion" ta Faransanci kuwa tiriliyan ɗinmu ce. Sannan waƙafi a lambarsu ɗigo ne a tamu: in sun rubuta 1,5 ɗaya da rabi ke nan. Hausar kasuwa ma ta rabu a nan. Jaka a wurinmu naira 200 ce, gadon fam ɗari na da. A Nijar jika sefa dubu ce, dala kuma sefa biyar, don haka wanda ya ce miki dala ashirin sefa ɗari yake nufi, ba kuɗin Amurka ba. Idan labarin daga Indiya ko Pakistan ne za ki ga "lakh" da "crore" a tsakiyar Turanci: ta farko dubu ɗari, ta biyu miliyan goma.

Wata alfarma nake nema, ki daina sa "zambar" a gaban kowane kuɗi don ya yi nauyi. A bakin tsofaffi zambar lamba ce, zambar goma dubu goma, zambar dubu miliyan ɗaya. Masu shela ne suka mai da ita kwalliya.

Lokacin zaɓe za ki haɗu da "majority" da "plurality", mu kuma duka "rinjaye" muke ce musu. Ta farko sai an wuce rabi. Ta biyu ka fi kowa ne kawai, ko da ba ka kai rabi ba. A 2023 Tinubu ya samu ƙuri'a wajen miliyan 8.8, kusan kashi 37 cikin ɗari. Ya fi kowane ɗan takara, amma waɗanda ba su zaɓe shi ba sun fi waɗanda suka zaɓe shi yawa. In kin ce "mafi yawan masu zaɓe sun zaɓe shi" kin yi kuskure. "Ya fi sauran 'yan takara ƙuri'a" shi ne daidai, kuma ba ki rage masa komai ba, don tsarin mulki bai nemi rabi ba. Kada ki raina irin wannan. A 1979 kujerar shugaban ƙasa a kan jimla ɗaya ta lissafi ta rataya. Doka ta ce sai ɗan takara ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, jihohin kuwa 19 ne, ba sa rabuwa uku. Alhaji Shehu Shagari ya samu rubu'in a jihohi 12, a Kano kuma ya tsaya a kashi 19.94. Abokin takararsa Obafemi Awolowo ya ce kashi biyu cikin uku na 19 jihohi 13 ne, tunda ba a gutsura jiha. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da biyu bisa uku, don haka a Kano rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'un kawai ake nema. Kotun Ƙoli ta bi wannan a watan Satumba, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. Har yau in masu shekaruna suka zauna ba su gama wannan gardamar ba.

Kada ki yar da 'yan rakiyar lamba don neman gajarta. "At least" aƙalla, ƙasa ce, ana jiran ƙari. "Up to" sama ce, iyakar abin da zai iya kaiwa, kuma masu talla da masu alkawarin aikin yi suna son ta don ko kaɗan aka samu ba su yi ƙarya ba. "Nearly" bai kai ba, "over" ya wuce, "some fifty people" kimanin hamsin ne, ba wasu hamsin ba. "Casualties" kuma ta haɗa matattu da masu rauni. Wannan ita ce ta fi kashe mutanen da ba su mutu ba a gidajen rediyonmu.

Abu na ƙarshe, kada tsoron kuskure ya sa Hausarki ta bushe ki koma "da yawa, da yawa" a kowane layi. Harshenmu yana zuba yawa a cikin aikatau kansa, abin da Turanci ba ya iyawa. "An kama su" da "an kakkama su" ba ɗaya ba ne. Na biyun ya gaya wa mai sauraro cewa ɗaya bayan ɗaya ne, wuri-wuri, ba tare da kin ƙara kalma ba. Sun firfito, an rurrushe, an rarraba. Haka "dubu biyar-biyar" ta gama aikin da Bature ke buƙatar "each" ko "apiece" ya yi. Amma ita ma ki auna ta: in shago biyu aka fasa, "an farfasa shaguna" ya yi yawa.

Ki nemi ƙamus na Turanci zuwa Turanci ki ajiye a teburinki, ki rage dogaro da fassarar waya, don ita kalma ɗaya take ba ki ta yi shiru, ba ta gaya miki ƙasa da saman kalmar. Nawa tsohon yana nan, bangonsa ya cire amma cikinsa lafiya. In ƙaninki zai shigo ƙarshen wata zan ba shi ya kawo miki, tare da kuka da daddawar da Innarki ta haɗa. Ta ce in tambaye ki ko yaran za su zo hutun nan, don ta san yawan geron da za ta sa a surfa.

Ki gaishe da maigidan da kyau, ki shafa mini kan yara. Ki kuma gaishe da editan naku, ko da ban san shi ba.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba da sa'ar aiki.

Wassalam,
Mahaifinki.